Miyar Kuka a Lagireton Gwamnati

"Ba zan bayar ba, ranka ya daɗe."

Haka na ce, masu karatu, ranar Litinin da safe a tsakiyar ofishinmu da ke Karaye, ina tsaye na dunƙule makullin babur a hannu. Wanda na faɗa wa kuwa ubangidanmu ne, mai girma, mai tumbi, wanda mu ƙananan ma'aikata muke yi wa kirari da Sarkin Gwanjo idan ya ba da baya. Sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar, don ya tabbatar mace ce ta yi magana.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sauda, malamar gona ce ta mata. Aikina shiga gidaje a ƙauyuka uku, Turawa da Beli da Zoza, ina nuna wa matan aure yadda za su adana irin gyaɗa kada ƙwari su cinye shi kafin damina. Ƙafata a wannan aiki wani dogon babur ne mai kaushin taya, irin na shiga daji, wanda wasu masu taimako suka kawo daga ƙasashen waje. Shi ba kamar baburan gari ba ne. Ruwa yake sha kamar mota, har da ɗan lagiretonsa. Ni da shi mun faɗi a rairayi, mun ratsa rafi, mun sha kallon dattawa har sun gaji sun koma amsa gaisuwata.

Laifinsa ɗaya, ya fara ɗiga. Duk inda na ajiye shi sai a ga ɗan danshi a ƙasa. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sarkin Gwanjo ya ce, "Malama Sauda, injiniya ya duba. Wannan babur kwandam ne, ya gama aiki. Ki ba direba makulli a kai shi sito."

Na ce, "Ranka ya daɗe, injiniyan ta taga ya leƙo. Sil ɗin famfon ruwa ne ya cinye, 'yar roba ce da ba ta fi bakin kwalba ba."

"Ke da kika yi karatun gyaɗa, me kika sani a inji?"

"A makarantar gyaɗar, ranka ya daɗe, sai mun kwance injin ban-ruwa mun haɗa kafin a ba mu takarda."

Ya ce, "Motar sito za ta zo ran Juma'a. In ta same shi yana fitsari, da ke da shi duk kwandam ne."

Allah ya ja zamanin manyanmu. Sun fi likitoci gwaninta, don likita sai ya taɓa mara lafiya kafin ya ce ya cika. Sitonmu kuwa wuri ne mai albarka. Bara an kai babur ɗin abokin aikinmu Malam Halliru saboda madubi ya fashe. Ya shiga a mace, aka yi gwanjon da babu wanda ya ji shelarsa, sai ga shi ya tashi da sabon fenti a ƙarƙashin surukin wani. Malam Halliru yanzu a ƙafa yake zuwa Turawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin da za ka yi da naka, ko da kuwa ba ka da gemu.

Da na koma gida, maƙwabciyata Iya Tasalla ta riga ni jin labari.

"'Yar nan, ki ba su kayansu. Wa ya taɓa kokawa da hukuma ya yi kaye?"

"Iya, in na bayar, wa zai je Zoza? Ruwa ɗaya za a yi hanyar ta yanke, ba motar da ke shiga."

"Matan Zoza sun adana gyaɗa tun ba a haifi uwarki ba."

"Ƙwari ma sun ci tun ba a haife ta ba."

Ta tafa hannu ta ce, "Boko dai bai yi ba. Ya ƙara miki baki, bai ƙara miki tsoro ba."

Washegari na tura babur garejin Barau bakanike. Na ce, "Malam Barau, ajiya na kawo, ba gyara ba. Zan je Kano neman sil. Don Allah kada ka taɓa shi." Ya dafa ƙirji ya ce ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba.

Tafiyar Kano ba zan ba ku ita duka ba, kada ku ce na cika ƙorafi. Motarmu ta fi daɗewa a layin mai a kan abin da ta yi a hanya. Muna layin nan wata doguwar mota mai baƙin gilashi ta zo ta baya, aka buɗe mata ƙofa, ta sha ta ƙoshi, har da guzuri a jarka. Muka ce Allah ya ƙara wa manya lafiya, in ba su sha ba wa zai je taron da za a tattauna ƙarancin mai? A Ƙofar Ruwa kuma na bi rumfa-rumfa, kowa na tambayata ina mai babur ɗin. Da ƙyar na samu sil a wurin wani dattijo.

Na dawo na tarar da Barau yana murmushi har kunne.

"Malama, na hutar da ke. Ɗigar ta tsaya."

Na ce, "Me ka yi masa?"

"Maganin direbobin manyan motoci. In lagireto na zuba, garin kuka ake ɗura masa. Yauƙin nan shi ke toshe kowace kafa."

Kafin in buɗe baki ya taka babur ya tashi. Ya ba shi wuta don ya burge 'yan kallo. Can sai muka ji inji na ɓararraka kamar tukunya a kan murhu. Murfin lagireto ya yi tsalle, wani koren yauƙi ya yi feshi ya wanke wa Barau gaban riga. Ƙamshi ya cika gareji. Iya Tasalla, da ta biyo ni don ta ga ƙarshen taurin kai, ta shaƙa ta ce, "Barau, ka manta daddawa. A kawo tuwo, yau gwamnati ta yi mana girki."

Barau yana share fuska ya ce, "Wallahi a motar Ɗanmaliki ya yi aiki."

Na ce, "Ina motar Ɗanmaliki yanzu?"

Wani daga baya ya ce, "Kaji na ƙwai a ciki."

Na ɗaure zanena a kan wando, na karɓi sufana. Na tsiyaye miyar, na yi ta ɗura ruwa ina zubarwa har ya fito fari. Baƙin man ma ya koma kamar nono saboda ruwan da ya shiga, shi ma na zubar na zuba sabo. Na kwance murfin famfo, na zare 'yar fankar da ke juya ruwa, ga tsohon sil nan ya tsage kamar kaushin dunduniya. Na ɓanɓaro shi a hankali don kada in ƙarce mazauninsa. Sabon na shafa masa giris, na juya fuskarsa wajen ruwa, na ɗora guntun bututu ina bubbugawa har ya zauna daram. Barau na riƙe min kwanon notuna, shi da kansa yake korar masu ba da shawara. Yatsuna sun fashe, farcena ya tafi, amma da na tayar da babur na bar shi ya yi zafi, ƙasa ta zauna a bushe.

Ran Juma'a na zo a kan babur yana ƙara na tsaya daidai tagar Sarkin Gwanjo. Na shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin inji don kowa ya zama shaida. Motar sito na gefe. Kusa da ita ga wani saurayi, ƙanen amaryar wani babba, riƙe da sabon gwangwanin fenti. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya zo da shirinsa.

Aka jira, aka jira. Ko ɗigo. Saurayin ya ɓoye fenti a bayan riga.

Sarkin Gwanjo ya fito ya duƙa iya inda tumbi ya yarda, ya duba kwali, ya miƙe yana murmushi.

"Madalla, Malama. Riƙe babur ɗinki. Sai dai takarda ta riga ta tafi sama. A can babur ɗin nan ya mutu. Kin taɓa ganin inda matacce ya sha mai?"

To, masu karatu, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ya doke ni. An tsayar da man da ake ba ni. An cire sunana daga cikin masu zuwa kwas ɗin ƙarin girma. An ɗauke ni daga Karaye an mayar da ni Zoza, wai tunda ina ƙaunarta. Wannan shi ne kuɗin "ba zan bayar ba" guda ɗaya, kuma in aka sake tambayata gobe, ita zan sake faɗa. Gyaɗar matan Zoza dai ta kai damina.

Saboda haka in kun ga wata mace tana tura dogon babur tsakanin Beli da Zoza, kada ku kira Barau. Lafiyarsa ƙalau, ko ɗigo ba ya yi. Gawar gwamnati ce nake wa rakiya. Mai niyyar ta'aziyya, ana karɓarta a galan.