Harsashin da Ya Tafi a Kwance

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bazara a bayan birnin Paris ba, ko da na so in manta. Lokacin ina karatun injiniya a Villeurbanne da ke manne da Lyon, cikin shekarun tamanin, ina kuma zuwa wani ƙaramin kulob na harbi a gefen Lyon. Babana maharbi ne a Damagaram. Ranar da zan taho ya kama tafin hannuna ya latsa, ya ce boko ya mayar da shi taushi, ba zai ƙara riƙe bindiga ba. Maganar ta zauna mini a ƙirji shekara uku.

Da kulob ya sa sunana cikin masu zuwa gasa a Paris, sai na aika wa Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata da ke kasuwanci a Stains, kusa da Paris. Zai tafi gida mako guda bayan gasar, kuma ya yi alkawarin kai wa Baba takardar saiti da zan harba, hannu da hannu. Daga nan mafarkin ido biyu ya kama ni. A aji, a Metro, a layin mahauci a unguwar Guillotière, ba abin da nake gani sai Baba zaune a gindin bedi, ya ɗaga takardar sama, rana tana shigowa ta rami ɗaya tal a tsakiya.

Mai koyar da mu, Mushe Rene, tsoho ne marar yawan magana. Ya ara mini bindigarsa, ya ce: "Harsashi marar nauyi take ci. Kada ka canza mata." Ya bayyana mini cewa cikin bututun bindigar akwai zane a murɗe, shi ke juya harsashi kamar katantanwar yara don ya tafi da kansa gaba. Murɗin bindigarsa mai sanyi ne, juyi ɗaya cikin inci goma sha huɗu. Harsashi mai nauyi ya fi tsawo, mai tsawo kuwa sai da juyi mai sauri. Na gyaɗa kai (ni da na ci jarrabawar juyawar abubuwa da maki mai kyau, wa zai koya mini?), amma can cikin kunnena muryar Baba ce ke cewa dalma mai nauyi ba ta jin iska.

Abin da ban tsaya na tuna ba, adakar Baba, bindigarsa ta gargajiya, bututunta sumul yake, ba zane ko ɗaya. Na sayi harsasai mafi nauyi da na samu, na ɗura su a ɓoye, ko gwaji ban yi ba don kada tsohon ya gani. A jirgin ƙasa na jingina da taga, gonakin inabi suna wucewa, ina shirya irin murmushin da zan yi idan an kira sunana.

Kawu bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da abokansa huɗu cikin manyan riguna, ya gaya musu ɗan maharbi zai nuna wa Nasara aiki. Na kwanta, na ja numfashi, na harba goma. Kowane ɗaya na ji shi har cikin raina, daɗi kamar ina shawagi.

Aka kawo takarda. Uku kaɗai suka same ta, kuma ba ramuka zagayayyu ba ne, dogaye ne kamar ramin makulli. Harsasan sun yi ta wuntsilawa a hanya, suka isa a kwance. Wani Bafaranshe da ke layin kusa da ni ya zo da tasa takardar, cikin ladabi yana tambaya ko ni na yi wannan dogon ramin da ke jikinta, don shi bai san shi ba.

Mushe Rene ya ɗauki harsashi ɗaya daga akwatina, ya auna shi a tafin hannu, ya mayar. Ya juya ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, don kunya ta sa har kunnuwana zafi suke.

"Kawu, don Allah a bar takardar nan," na ce.

"A'a, ɗana. Alkawari na ɗauka," ya naɗe ta ya sa aljihu.

Bayan wata biyu kaset ya iso daga gida. Baba ya gama gaisuwa tsaf, ya tambayi sanyi da karatu, sannan ya yi gyaran murya: "Na ga takarda. Shekara arba'in ina harbi, ban taɓa iya sa harsashi ya tafi a kwance ba. Lalle Nasara sun koya maka abin da ban sani ba." Ina jin dariyar Inna a bayansa. Sai ya ƙara da cewa: "Kai yaro, ni ma ba na ɗura wa bindigar wani sai na tambayi mai ita."

Tun daga ranar, ko keke aka ara mini, sai na tsaya na ji abin da mai shi zai ce.