Sarkin Tsiro da Irin Mulga

Faɗanmu da Mista Halloran a kan buta ya fara. Laifina ne, na yarda. Wace ce ni, Nungarrayi, da ko sunana ban iya rubutawa, da zan koya wa mutumin da hukuma ta aiko tun daga birnin Adelaide yadda ake shuka? Mutum mai hula biyu, ɗaya ta rana, ɗaya ta hoto. Sarkin Tsiro muke ce masa, yana amsawa da murmushi.

Rairayi ne ke cin maƙabartarmu. Ya binne dutsen kabarin mijina har rabi. Muka ce a kewaye wurin da mulga, ɗan itacen nan da fari ba ya kashewa. Mu mata muka tsinto irin, gwangwani huɗu, kuma sai shekarar ruwa yake zuba haka. Ɓawonsa tauri gare shi, in ba wuta ta lashe shi ba, ko tafasasshen ruwa, sai ya shekara goma yana barci. Na ɗauko butata ta shayi.

Ya ce, "Goggo, miya za ki yi mana? Ilimi ya haramta dafa iri!"

Ya ƙwace gwangwani uku. Na huɗun yana ƙarƙashin siket ɗina. Da dare na zuba masa tafasasshen ruwa, na shuka shi a maƙabarta.

Kai, iri ya ga gata! Rumfa, takin shanu, ruwa sau uku a rana, a garin da muke wanka da kofi. Kowace tukunya da lambarta. Da safe yakan zaga su hannu a baya, kamar mai duba sojoji. Wata biyu sai ga kore ya fito, siriri, dogo. Ciyawar da ta biyo takin ce, wadda ko jakin jeji ya san ta. Sarki ya buɗe littafi, ya ga ganyen mulga siriri ne dogo, ya aika wa manya su zo.

Ranar dashe aka gasa wutsiyar kangaru, naman dajinmu, Sarki ya sa hular hoto.

"Jama'a, yau na durƙusar da hamada! Abin da kakanninku suka kasa, na yi shi cikin kwana sittin."

Ƙawata Napangardi ta ce, "A gaishe ka, Sarki. Raƙuma ma sun gode da abin kiwo."

A bakin kabarin mijina ya ci karo da nawa, guda arba'in, kowanne da ƙananan ganye jere kamar gashin tsuntsu. Haka jaririn mulga yake fitowa, sai ya girma yake canja ganye.

"A tuge wannan ciyawar! Ba ta yi kama da hoton ba."

Na zauna a gabansu da sandata ta haƙa, matan suka zazzauna kusa da ni. Ba wanda ya motsa. Ya turo mini littafin har hanci, yana shafa gemu. Na dubi hoton, na dube shi, manyan nan duk sun kasa kunne.

Na ce, "Ɗan nan, kai da gemun nan uwarka ta haife ka?"