Kamerar da Ta Ɗauki Takalmana

Ranar sunan ɗan da aka haifa wa taubashina Habu, na sauka Gangara da sabuwar kamerar bidiyo da na sayo a Damagaram, har da mikro mai gashi kamar jelar zomo. Mai shagon ya so ya nuna mini kanta, na ce masa ba yau na fara ganin kamera ba.

"Wannan mikro," na faɗa wa dattawa, "ko tururuwa ta yi tari sai ya ji."

Wallahi ban yi ƙarya ba.

Ashe tun wajen fito da ita daga jaka na taɓa jan maɓallin. Daga nan komai ya juye. In na danna don ɗauka sai ta tsaya, in na danna na sauke hannu sai ta kama aiki.

Bayan la'asar aka jona kamerar a tele, wato talabijin, tsakar gida ta cika. Babu liman, babu jariri. Rairayi ne kawai da takalmana, sai muryata tar, ina yi wa wani raɗa: "Wannan ne ragon sunan? Ai kyanwar gidanmu ta fi shi ƙiba."

Goggo Hajara, uwar Habu, wadda ta kiwata ragon da hannunta, ta juyo.

"Ɗan nan, ai hantar kyanwar kai ka cinye."

Yanzu yaron ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Duk sanda na je, sai Habu ya kira shi: "Zo ka gaida baffanka. Duba ƙafarsa, za ka gane shi."