Yadda Za Ka Ci Gwajin Ƙwaya da Fitsarin Direbanka

Babu ɗan siyasar da ya taɓa faɗuwa gwajin ƙwaya a ƙasar nan. Waɗanda aka ce sun faɗi, rashin direba nagari ne ya kashe su. In ka bi matakan nan, Onarabul, na yi maka alƙawari za ka fito tas kamar jaririn da aka yanke wa cibiya, ko da a daren jiya ka kwana rungume da kwalbar maganin tari.

1. Ka riga kowa kiran a yi gwajin

Kada ka jira abokan hamayya su tayar da maganar. Ranar kasuwar Zuru ka hau bayan a-kori-kura, ka riƙe lasifika, ka ce ƙwaya ta cinye matasanmu, kuma in ka je Abuja duk mai cin albashin gwamnati sai an gwada fitsarinsa, daga masinja har minista. Ka ce za a fara da ofishinka na kamfen, kai ne kan gaba. 'Yan kabu-kabu za su yi ta danna ham. Rabinsu daga hannun yaranka suka karɓi abin da ya ba su ƙarfin dannawar, amma wannan ba ranar tone-tone ba ce.

2. Kada ka kuskura ka daina sha

Wasu za su ba ka shawarar ka ɗan huta kafin ranar. Maƙiyanka ne. Wane mahaluki zai iya tsayawa gaban mutanen Wasagu, cikinsa ba komai sai koko da ƙosai, ya yi musu alƙawarin filin jirgin sama alhali hanyar da ta kawo shi ta karya masa sharɓeɓiyar mota? Wannan aiki ne mai buƙatar taimako. Masu hankali sun ce ba a sauya doki a tsakiyar rafi, to balle kwalba.

3. Ka nemi mai tsabtataccen ciki

Kada ka dubi yaranka. Fitsarinsu in ya zuba a gona, dawa ma sai ta yi layi.

Allah ya yi maka gata, domin a Zuru kake, inda kusan kowane gida akwai tsohon soja. Ka dubi direbanka, Saje Joel. Ya yi ritaya, furfura ta fara fito masa, ko goro ba ya ci, burkutu kuwa ko ranar bikin Uhola ba ya kusantar tukunyar. Dattijo ne a cocinsu, kuma shi ke tara matasa ranar Asabar yana yi musu faɗa a kan tiramol. Da ƙuruciyarsa ya yi golmo, wato shekaru yana noma gonar surukansa kafin a ba shi mata. Mutumin da ya saba zubar da gumi a gonar wani ba zai ga baƙon abu ba don an ce ya zuba wani ruwan a kwalbar wani.

4. Kada ka roƙe shi, umarni za ka ba shi

Farar hula in ka roƙe shi sai ya ce bari ya yi shawara da matarsa. Soja kuwa an koya masa ya fara bin umarni, ƙorafi daga baya. Ka bari sai kuna cikin mota, a hanyar Danko, ka ce:

"Saje, gobe kowa za a ba shi kwalba mai sunansa. Kai za ka cika tawa, ni in cika taka."

Zai dube ka ta madubi. Shi ke share ƙarƙashin kujerarka kullum da safe, ya san abin da yake kwashewa.

"Oga, to nawa sakamakon fa?"

"Haba Saje! Wa ya taɓa karanta sakamakon direba? Nawa duniya ke jira."

"Oga, ina koyar da yara a coci."

"Shi ya sa na zaɓe ka. Ko kana so mutanen can su ci zaɓe, su sa ƙwaya ta gama da yaran naka?"

Zai ci gaba da tuƙi har ku wuce gada. Sa'annan zai ce, "To, Oga." Wannan kalma ta fi duk wata takardar likita daraja.

5. Ranar gwaji

Ka kafa rumfa, ka ɗauko ma'aikatan wani asibitin kuɗi, ka gayyato limami da fasto su zauna kusa da juna saboda hoto. Ku zaga bayan zana kai da Joel, ka ce ba ka yarda a bambanta ka da talaka ba ko a wurin fitsari. Ka fito ka ɗaga kwalbar sama kamar kofin ƙwallo.

6. In sakamako ya fito, ka karanta duka

Na san ka ce masa ba wanda zai karanta nasa. A mota ka faɗa, yanzu kuwa a gaban jama'a kake. Gwajin da bai kama kowa ba, mutane za su ce shiri ne. Dole a kama wani, kuma ga shi a hannu.

Ka karanta naka da tawali'u. In ka zo kan nasa ka dakata, ka cire tabarau, ka goge ido. Ka ce, "Jama'a, wannan mutum kamar yayana yake. Amma doka ba ta da yaya." Ka karɓi makullin motar a nan take. Za a yi tafin da ba ka taɓa ji ba, kuma kafin magariba rediyo zai ce ga ɗan takarar da bai ƙyale ko direbansa ba.

Kada ka ji tsoron zai buɗe baki. Zai ƙame, ya sara maka, ya juya. Ba a ba shi umarnin magana ba.

7. Matarsa za ta zo

Sunanta Rebecca, kuma ita ba ta yi aikin soja ba. Za ta tsaya a ƙofar gidanka da sassafe, ta ƙi zama.

"Yallaɓai, mutumin da ko Fanadol sai na yi masa faɗa yake haɗiya? An sauke shi daga kujerar dattawa. Yaran da yake yi wa wa'azi suna bin shi a layi suna ce masa Saje Kodin. Ka dube ni ka ce mijina yana sha."

Kada ka dube ta. Ka dubi wayarka, ka ce, "Madam, ni ma na yi mamaki. Amma kimiyya ba ta ƙarya. Mu sa shi a addu'a." Ka sa a ba ta buhun shinkafa mai hotonka. In ta bar shi a ƙofa, ka sa a mayar sito, akwai masu so.

Gargaɗi

Wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin komai, duniya ko lahira. In asiri ya tonu, ba mu san ka ba. In kuma ka ci zaɓe, ka tuna dokar da ka yi alƙawari za ta sa a riƙa gwada ka duk shekara, don haka tun yanzu ka fara cigiyar wani tsohon sojan.

Na farkon ba zai ƙara yi maka amfani ba. Yana zuwa coci har yanzu, sai dai a bencin baya yake zama, kuma yana fita kafin a gama waƙar ƙarshe. Ranar Asabar yakan share ɗakin da yake tara matasa, ya jera kujeru, ya zauna. Ba wanda ke zuwa.