Goron Sunan da Ya Dawo

Ba zan taɓa mantawa da ranar uku ga Babbar Sallar bara ba. Ko da tsufa zai share duk abin da ke cikin kaina ya bar mini guda ɗaya, na san wannan zai bari, don shi ne ba na son tunawa. Ranar ce na miƙe gaban dattawa cike da ɗaki, riƙe da takardu kamar wani lauya, na kai ƙarar aminina na shekara hamsin. Amma bari in faro muku daga tushe.

Muna da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban firamarenmu a nan Azare, ni ne kuma sakatare. (Kada ku tambaye ni yadda wanda ya gudu daga aji uku ya zama tsohon ɗalibi. Ai na riga kowa fita, don haka na fi kowa daɗewa a tsohon ɗalibi.) 'Yan ajinmu sun zama daraktoci da likitoci, har da alƙali. Ni kuwa kayan babur nake sayarwa a bakin kasuwa, masu kabu-kabun hanyar Chinade su ne manyan baƙina. Ba don kyan alƙalamina aka ba ni sakatare ba, sai don ni ke zaune a gari. Haihuwa, rasuwa, ɗaurin aure, duk a bencin shagona labari ke fara sauka.

Da can guruf gare mu a waya, sai rigimar siyasa da tallar maganin basir suka cinye shi, har sanarwar rasuwa kan nutse ba a gani ba. Shi ne Hajiya Dije, 'yar ajinmu da ta yi shugabancin makaranta har ta yi ritaya, ta buɗe mana imel na ƙungiya. Adireshi ɗaya ne, in na jefa saƙo a cikinsa sai ya rabu, kowa ya samu nasa. Ta zaunar da ni ta koya mini a wayata.

"Alhaji, ka ɗauke shi kamar rabon goro," in ji ta. "Ka miƙa ƙwarya sau ɗaya, ta bi gida-gida. In ka ga saƙon wani ya dawo, ka kira mai shi ka ji lafiya. In ya yi ta dawowa kuma ba gyara, a cire adireshin, don kada a ɗauki saƙonninmu tarkace a daina kai wa kowa."

Na ce na gane. Ashe maganar goro da maganar cirewa kawai na riƙe, ta tsakiyar ta zube a hanya.

Aminin nawa shi ne Alhaji Bukar. Babarbare ne, iyayensa daga wajen Yobe suka zo suka zauna a Azare, ni kuwa Bafillatani. Kun san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun muna cin ƙasa bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana", ni ma haka nake mayar masa. Shi ya yi karatu ya kama aiki a wata ma'aikata a Bauchi, amma bai taɓa shigowa gari ya wuce shagona ba. 'Yarsa ta fari sunan mahaifiyata ya sa mata. Ni kuma na yi masa alkawari, in Allah ya ba ni jika namiji, takwaransa ne.

A taronmu na bara waccan ya sanar cewa ya kusa ajiye aiki. Bakina da ba ya zama lafiya ya ce, "To shi ke nan. Ran da ka miƙa makulli, ran nan zan goge sunanka. Me za mu yi da Babarbaren da ba shi da ofis?" Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, sai dai yanzu da nake tunawa, dariyar ba ta kai ciki ba.

Bayan 'yan watanni ya yi ritayar, ya koma gonarsa a Dambam. A satin nan na tura sanarwar rasuwar mahaifiyar ɗaya daga cikinmu. Kafin in mayar da waya aljihu sai ga saƙo ya shigo, dogon Turanci, da wani suna a sama wanda harshena ya ƙi ɗauka. Ni Turanci ba na ji, amma sunan Bukar ko a cikin duhu na san shi, ga shi nan kuwa a tsakiya, ga saƙona a ƙasa an dawo mini da shi ɗungurum.

Na ce ƙila kuskure ne. Sati na gaba na tura ta ɗaurin aure. Ta dawo. Na tura barka da Juma'a. Ta dawo.

Sai na zauna na yi nazari irin namu na masu aji uku. Bukar ya ji haushin wasan da na yi masa, shi ne ya sa sakatarensa ya riƙa mayar mini da wasiƙa. (Ban tsaya na tambayi kaina ina mai ritaya ya samo sakatare ba. Mai fushi ba ya tambaya.) Abin da ya fi ci mini rai shi ne saurin mutumin nan. Ko da wane lokaci na tura, yana nan zaune, ba ya cin abinci, ba ya zagayawa. Ko buɗe wasiƙar ba ya yi. Na ce lallai an ja masa kunne sosai a kaina.

Ana cikin haka matar ɗana ta sauka, namiji. Ɗana ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, wane suna za a yi masa huɗuba da shi?" Na ce Abubakar. Alkawari alkawari ne, ko da an yi wa Babarbare. Na raba goro da alewa a unguwa, sannan na zauna na tsara gayyata ta imel, na yi kusan awa ina dangwala haruffa da yatsa ɗaya. A ƙarshe na ƙara layi: "Bawana, ka zo ka ga takwaranka." A raina na ce wannan dai ba zai iya mayarwa ba.

Ta dawo. Ko numfashi ban sauke ba.

Wanda ya tashi a ƙasar Katagum ya san abin da ake nufi da mayar da goro. Kana iya ƙin zuwa suna, a ce uzuri ne. Kana iya karɓa ka ba wani ya tauna. Amma ka ce wa ɗan aike koma masa da abinsa, to ka yanke zumunci ke nan, ka kuma sanar da duniya.

Uwargida ta ga na ture tuwo, ta ce, "Malam, ka kira shi mana. Lambarsa tana wayarka."

"Wanda ya mayar da goro ba a bin sa da waya."

"To ka ba direban Dambam goro na gaske ya kai masa."

"Don a dawo mini da shi a gaban 'yan tasha?"

Ta ce, "Allah ya kyauta," ta kwashe kwanonta.

Maimakon in kira Bukar, sai na koma kan sakataren. Na riƙa ba shi amsa, wasiƙa bayan wasiƙa, ina sauke masa abin da ke cikina. Aka yi suna Bukar bai zo ba. Washegari na shiga inda Hajiya Dije ta nuna mini, na danna, na cire sunansa. Yaron kuwa na hana kowa ya ce masa Bukar a gidana. Na ce Buba za a riƙa kiransa, irin namu na Fulani. Har labari ya zo mini cewa an ga Alhaji Bukar a kasuwar Azare sau biyu, bai leƙo shagona ba. Na ce kun gani ko.

Da Sallah ta matso, na je shagon kwamfuta aka buga mini komai a takarda, na sakataren da nawa, don kada a ce na ɓoye wani abu.

A ajinmu na dā muke yin taro duk uku ga Babbar Sallah, manyan mutane da manyan riguna a matse kan bencin yara. Bukar ya zo. Ya ɗan rame, rana ta gasa shi. Ya zauna can baya, da muka haɗa ido ya ce, "Alhaji, barka da Sallah." Alhaji! Shekara hamsin ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Bayan addu'a shugabanmu, tsohon alƙalin nan, ya ce ko akwai mai magana. Na miƙe na gyara hula.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Akwai wanda muka tashi tare, na aika masa goron sunan jikana, ya sa yaronsa na ofis ya mayar mini. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ga shaida."

Alƙali ya ce a ba Hajiya Dije ta karanta. Ta sa tabarau, ta duba ta farko, ta duba ta biyu, sai na ga kafaɗarta tana rawa.

"Alhaji, ka tabbata in karanta duka?"

"Duka. Kada ki rage ko wasali."

Ta ce, "To. Ta farko ga abin da take cewa da Hausa: ba a samu wannan adireshi ba, an rufe shi. Saƙonka bai isa ga mai adireshin ba. Na'ura ce ta aiko da wannan sanarwa, kada a ba da amsa."

Na miƙa hannu in karɓe takarduna, alƙali ya ce, "A'a, shaida ta riga ta shiga hannun kotu. Ci gaba, Hajiya."

"Ga amsar Alhaji ga na'ura," in ji ta. "'Kai sakatare, ka gaya wa maigidanka na san shi tun yana yawo ba wando.'"

Wani ya fashe da dariya har ya ƙware.

"Ta biyu: 'Kai kuma ka ji tsoron Allah. Albashi ba ya kai mutum aljanna.' Ta uku: 'In kana da iyaye, ka tambaye su ko ana mayar da goron suna.' Ta huɗu gajeriya ce: 'Wai kai ba ka zuwa sallah ne?'"

Likitanmu ya kwanta a kan benci yana share hawaye. Wani daga baya ya ce, "Alhaji, ai ka yi wa inji wa'azi, Allah ya ba da lada!" Ni dai ina tsaye, na rasa inda zan sa idona, sai kallon allon da ya kore ni daga makaranta nake yi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Bukar ya miƙe a hankali, ɗaki ya lafa.

"Adireshin na ofis ne," ya ce. "Ran da na miƙa makulli suka rufe shi, ni ban ma sani ba. Jikata ta sa mini wani a waya, na zata duk ɗaya ne. Na zauna a Dambam ina jira. Wata ɗaya, wata biyu, ba saƙo ko ɗaya. Sai na tuna abin da ya faɗa a ɗakin nan. Na ce ashe da gaske yake, Babarbaren da ba shi da ofis ba shi da amfani. Labarin sunan ma a cikin mota na ji, bayan an yi da sati. Sau biyu na zo na tsaya tsallaken shagonsa, ina ganinsa yana ciniki, na kasa tsallakawa."

Wannan ta fi dariyar zafi. Ni ina can ina zagin na'ura, aminina yana nan tsallaken titi yana zaton na jefar da shi kamar tsohon fulogin babur.

Hajiya Dije ta cire tabarau ta ce, "Alhaji, me na ce ka fara yi in saƙo ya dawo?"

Na ce, "Ki bari, Hajiya. Uwargida ma ta faɗa."

Alƙali ya yi gyaran murya ya ce kotu ta sami mai ƙara da laifi. Hukunci shi ne in sayi ƙwaryar goro, in kai Dambam da ƙafata, in miƙa hannu da hannu. Na ce na karɓa. Na taka har bayan aji, na kama hannun Bukar.

Shi ne ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Wane suna aka sa wa yaron?"

"Abubakar."

Ya ce, "Me kuke kiransa?"

Na sunkuyar da kai. "Buba."

"La'ilaha illallahu! Jama'a, ku ji bawan nan! Wata huɗu kacal na juya baya, ya mayar mini da takwara Bafillatani!"

Da na ji "bawan nan", wallahi sai da na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Daga makarantar gidana muka zarce. Ya ɗauki yaron ya yi masa addu'a, ya raɗa masa a kunne cewa kada ya yarda a koya masa kiwo. Goron ma na kai Dambam, bai mayar ba, sai dai ya ce ƙanana ne.

Yanzu in saƙo ya dawo, ba na ko tsayawa kallon Turancin. Waya nake ɗauka. Wani akwatinsa ne ya cika, wani ya canza adireshi, wani kuma ba shi da lafiya ba wanda ya sani. Abin da na koya da furfurata shi ne, kafin ka yi fushi da wanda ya mayar maka da goro, ka tabbata ɗan aiken ya tarar da ƙofa.

Shi kuwa sakataren, Bukar ya matsa mini cewa na ci mutuncin bawan Allah ba gaira ba dalili, dole in nemi gafararsa. Na rubuta masa ban haƙuri mai kyau, har da addu'a. Ya mayar mini.