Kujera Ta Iso, Likita Na Faransa

Jiya da hantsi na ja hannun jikata Huseina, amaryata ta wasa, kuncinta a kumbure kamar ta ɓoye goro. Tun da aka kawo ta daga Takanamat ba ta tauna komai ba, sai kunu da kuka. Da matata Rakia na da rai, da ta danna mata kanumfari. Amma ta rasu ta bar ni da littattafai, su kuwa ba su san kan haƙori ba.

Muka nufi ɗakin maganin nan da aka kawo wa kujerar cire haƙori bara. Kun tuna bikin: kalangu, jawabi da Faransanci, Mai Girma Alhaji Sai-Baɗi ya yanke ƙyalle, ya ce mun samu ƴanci, haƙoran ƴaƴanmu ma sun samu.

Kujera tana nan tana walƙiya. Abdu mai gadi na goge ta kullum.

Na ce, "Abdu, ina likitan?"

"Yana Faransa, Malam, wajen karatu."

"Yaushe zai dawo?"

"In ya ƙare. In kuma Yamai ba ta riƙe shi ba."

Sai ga Mai Girma da baƙi, ya kawo su kallon kujera. Na durƙusa, na nuna masa kuncin yarinya. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya ce, "Na nono ne, da kansa zai faɗi. Baɗi war haka kun huta."

Allah ya ƙara basira! Ban taɓa karanta tsari mai arha irin wannan ba: kujera a Tawa, likita a Faransa, aiki wajen Allah.

Muka ƙare a maƙerar Attaher. Na danne Huseina, ya sa awartaki. Da ta gama ihu ta ce, "Tsoho, aurenmu ya mutu." Da azahar dai ta ci tuwo.

Na ja mata kunne yadda aka ja mana muna yara: kada ƙadangare ya ga giɓinta, in ya gani sabon haƙori ba zai fito ba.

Yau a kasuwa motar Mai Girma ta tsaya, ya leƙo yana ta gyaɗa wa jama'a kai. Huseina ta yi wuf ta rufe baki da hannu biyu.

Ban gyara mata ba.