Ranar da Na Kai Onarabul Gaban Alƙali

Ko da tsufa zai cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na maka ɗan majalisarmu a kotu ba. Lokacin shari'a ba ta daɗe da zuwa Zamfara ba, kowa jininsa na tafasa, ni kuwa nawa har ya fi na kowa. Albasa nake sarowa ina kaiwa Shinkafi, amma a ƙauyenmu, can tsakanin Kaura da Zurmi, ni ne mai magana da yawun jama'a (ba wanda ya naɗa ni, bakina ne kawai ba ya zama wuri ɗaya).

Matsalarmu ruwa. An haƙa mana burtsatse, an ɗora tanki, an ja famfo, amma injin bai taɓa tari ba. Matanmu suna can suna tonon yashi a gulbi. Sai aka ce kwamitin majalisa zai zo duba aiki, kuma da azahar za su iso. Mai gari ya kira mu ya ce, "Yanzu baƙi su taho garinmu su rasa ruwan alwala? Wanga abin kunya da mi ya yi kama?" Wallahi ba da nufin yaudara muka yi ba. Muka kwaso jarkoki a amalanke, muka ɗura wa tankin nan ruwan gulbi har wuya.

Baƙi suka zo, aka murɗa famfo, ruwa ya ce shaa! Aka ɗauki tafi. Sai wani ya miƙo mini lasifika. Jama'a, ku ji tsoron lasifika. Na buɗe baki in yi maraba, sai na tsinci kaina ina cewa ƙishirwa ta ƙare a garinmu, har ina roƙon Allah ya maimaita wa Onarabul kujerarsa. Na ce a raina ai baƙo ba a tarbarsa da kuka, in sun ci abinci sai a faɗa musu gaskiya a keɓe. Suna gama cin tuwo suka shige motoci.

Ba a jima ba, ina zaune a rumfa na ji muryarsa a rediyo, yana gaban kwamiti a Gusau yana cewa aikin ruwan garinmu ya kammala, a juya a taimaki wasu garuruwan. Na zabura har na ture buhun albasa. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Na bi majalisar shayi, na bi tasha, na bi ƙofar masallaci ina cewa, "Ƙarya a zamanin shari'a? Sai ya sha bulala!" Matata ta ce, "Malam, ka dai bi a hankali." Na ce mata ita mi ta sani game da doka.

Na je na shigar da ƙara. Ranar zaman kotu na cika mota da mutanen garinmu, na sha babbar riga. Onarabul bai zo ba, ƙanensa ya turo, wani siriri mai shiru-shiru da ƙaramar rikoda a hammata. Na yi bayani har gumi ya jiƙa mini hula. Alƙali ya saurara, sannan ya ce, "Malam, a ina ya faɗi maganar?" Na ce a zaman majalisa, Allah gafarta malam, duniya ta ji. Ya ce, "To nan ne matsalar. Abin da ɗan majalisa ya faɗa a zaurensu ko gaban kwamitinsu, doka ta hana a tuhume shi a kotu a kai. 'Yan uwansa ne kaɗai ke iya ladabtar da shi. Hisabin Allah kuwa yana nan."

Ban gama haɗiye wannan ba sai siririn nan ya miƙe. "Allah gafarta malam, yayana ya ce a jiyar da kotu inda ya samo labarin." Ya danna rikoda. Innalillahi! Muryata ce tangaram: "Ƙishirwa ta ƙare a garinmu!" Har da gyaran murya, har da tafi. Wani daga baya ya ce, "Aradu shi ne!" Dariya ta ɓarke, ɗan sandan kotu ma sai da ya juya baya. Na rasa inda zan sa idona, na ji kamar in shige aljihun rigata.

Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Shi dai yana da rigar kariya a inda ya yi magana. Kai a ina ka yi taka?" Na ce a gindin tanki. Ya ce in tashi in tafi, in kuma yawaita istigfari.

Muka shiga mota muka koma gida. Kunyar ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarar nan ba a waiwayi injin ba, domin a Gusau mu masu ruwa ne. Kullum da asuba ina jin matata tana fita da tulu, ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai ta ce, "Malam, mun tahi gulbi."

Tun daga nan na koyi abu guda. In baƙo ya zo duba aiki, a ba shi tabarma, a ba shi fura, amma in lokacin salla ya yi, a nuna masa ƙasa mai tsarki ya yi taimama.